Kafin Ka Biya Kuɗin Rajista: Jagorar Zaɓen Kwas ɗin Koyon Aikin Rezon Kwamfuta a Arewacin Kamaru da Cadi

Duk shekara, da zarar sakamakon jarrabawar Bakaloriya ya fito, sai allunan talla su cika bakin titunan Garwa da Marwa da Ngaundare, kowace cibiya tana kiran matasa su zo su koyi aikin rezo. Wata ta ce cikin wata uku za ta mayar da yaro ƙwararre, wata ta ce wata tara, wata kuma ta jera sunayen manyan kamfanonin duniya a allonta kamar su ne suka aiko ta. A irin wannan lokaci ne iyaye da yayye suke zuwa wurina, da yake sun san na daɗe ina jan kebul da saita na'urori a ofisoshi da otel-otel, su ce: "Malam, ga ƙaninka ya gama, ina za mu kai shi?" Amsar ta fi ƙarfin zama ɗaya a ƙofar gida, shi ya sa na ga ya kyautu in rubuta ta daki-daki, domin kuɗin da ake kaiwa waɗannan cibiyoyi sau da yawa kuɗin auduga ne, ko na sa da aka sayar, ko na adashen uwa.

Abin da ake nufi da rezo a nan ya wuce sandunan da ke saman fuskar waya. Shi ne dukan tsarin da ke haɗa kwamfutoci da wayoyi da kamarori da injunan buga takarda su yi magana da juna, daga kebul ɗin da ke bin bango, zuwa siwic da ke tara su wuri ɗaya, zuwa rawuta da ke nuna wa saƙo hanyar fita waje, har zuwa zaren gilashi, wato kebul ɗin fibre, da ke ɗauke da intanet daga gaɓar teku zuwa Kusseri da Njamena. Sana'a ce ta hannu da ta lissafi a lokaci guda. Saboda haka ma'aunin da zan yi ta komawa kansa biyu ne: shin kwas ɗin zai sa na'ura a hannunka har ka saba da ita, kuma shin takardar da zai ba ka ita ce wadda mai ɗaukar aikin da kake nufi yake nema?

Mataki na ɗaya: Fara sanin aikin da ka dosa

Kuskuren da aka fi yi shi ne a fara tambayar wace makaranta ce mai kyau tun ba a san inda aka nufa ba. A yankinmu aikin rezo yana da fuskoki daban-daban, kuma kowace fuska da irin shirin da take bukata.

Akwai aikin shimfiɗa, wato sa kebul da WiFi da kamarorin tsaro a otel, da kantin magani, da gidan mai, da makarantu masu zaman kansu, da kuma wuraren sayar da tikitin WiFi a unguwanni, irin waɗanda ake samu inda ɗalibai suka taru. Wannan shi ne aikin da ya fi saurin kawo kuɗin cefane, kuma mai otel ba zai tambaye ka difloma ba. Abin da zai duba shi ne ko intanet ta kai ɗaki na ƙarshe a bene na biyu. Na'urorin da za ka fi cin karo da su a nan su ne na MikroTik da Ubiquiti da TP-Link.

Akwai aikin kamfanonin sadarwa, wato Camtel da MTN da Orange a Kamaru, Airtel da Moov Africa da Sotel a Cadi. Kaso mai yawa na aikin fili ƙananan kamfanonin kwangila ne suke yin sa a madadinsu: haɗa zaren gilashi idan ya tsinke, hawa hasumiya, daidaita eriya, kula da batura da janareta. Na'urorin Huawei suna da yawa a wannan fanni. Wanda yake tsoron tsayi ko ba ya jure tafiyar daji cikin zafin watan Afrilu ya san da wannan tun yanzu.

Sai kuma kula da rezon wata ma'aikata daga ciki, kamar banki, ko asibiti, ko babban kamfani irin Sodecoton da hedkwatarsa take Garwa, ko ƙungiyoyin agaji da ke da ofisoshi a Marwa da Kusseri da Njamena da Abeshe. Waɗannan galibi suna neman difloma ta shekara biyu ko uku bayan Bakaloriya, suna kuma fifita mai takardar shaidar Cisco, wato babban kamfanin ƙera na'urorin rezo, da mai jin Turanci. Na ƙarshe shi ne aikin gwamnati, wanda ake shiga ta gasar ɗaukar ma'aikata, kuma a can difloma da hukuma ta amince da ita ce kaɗai take buɗe ƙofa.

Abin da za ka yi a wannan mataki mai sauƙi ne. Tattara sanarwar neman ma'aikata guda goma daga fannin da ya kwanta maka, ka ja layi a ƙarƙashin kowace difloma da kowane sunan na'ura da suka ambata. Abin da ya maimaitu sau shida ko bakwai, shi ne abin da za ka je nema a cibiya.

Mataki na biyu: Gwada kanka kafin ka taɓa aljihun kowa

Ba kowa ne mai son kwamfuta yake son aikin rezo ba, kuma gara a gane hakan da kuɗin data na mako biyu da a gane shi bayan an biya kuɗin shekara. Shirin koyarwa na Cisco Networking Academy, wanda aka kafa tun 1997, yana da darussan farko kyauta a intanet, har da na Faransanci, kuma da rajistar kyauta za ka sauke manhajar Packet Tracer, wadda ke ba ka damar jera rawuta da siwic da kwamfutoci a kan allo, ka haɗa su, ka saita su kamar na gaske. Ba ta da nauyi ƙwarai, tsohuwar kwamfutar hannu ma tana ɗaukar ta.

Ka ba kanka mako biyu, kullum awa ɗaya ko biyu. A ƙarshensu ka zauna da takarda da biro ka warware wannan: an ba ka rezo 192.168.10.0/24, wato rukunin adireshi 256 na na'urori, an ce ka raba shi gida huɗu daidai, na ofishin darakta, da na akanta, da na baƙi, da na kamarori. Idan ka gano cewa kowane gida zai zama /26, mai adireshi 64 wanda 62 daga ciki ne ake raba wa na'urori, kuma gidajen za su fara daga 0 da 64 da 128 da 192, to kana kan hanya. Idan ba ka gano ba amma ka ji ranka yana son sanin dalili, wannan ma alama ce mai kyau. Wanda ya ji lissafin ya gundure shi tun daga nan, zai fi masa alheri ya duba wani reshe na kwamfuta, domin rabon adireshi ba ya rabuwa da mai wannan sana'a har ya yi ritaya.

Wannan mako biyu yana da wani amfani kuma: za ka shiga cibiya kana da abin tambaya, ba za a ruɗe ka da manyan kalmomi ba.

Mataki na uku: Bambance takardun nan uku

A nan ne aka fi cutar mutane, don haka zan ɗan daɗe. Takardun da ake samu bayan kwas iri uku ne, kuma masu talla suna son haɗa su a baki ɗaya kamar abu guda ne.

Ta farko ita ce difloma ta ƙasa. A Kamaru akwai BTS, shekara biyu bayan Bakaloriya, da jarrabawar ƙasa a ƙarƙashin ma'aikatar ilimi mai zurfi, wato MINESUP. Akwai DUT, ita ma difloma ta shekara biyu, da lasisin fasaha, wato digirin shekara uku, da ake yi a IUT, cibiyar fasaha ta Jami'ar Ngaundare da ke Dang, inda akwai sashen kwamfuta. Akwai makarantar injiniyoyi ta Jami'ar Marwa, ENSPM, mai sashen kwamfuta da sadarwa, jami'ar da aka kafa a 2008. Jami'ar Garwa kuwa sabuwa ce, a 2022 aka kafa ta. Can kudu akwai SUP'PTIC a Yawunde, makarantar wasiƙu da sadarwa. Akwai kuma IAI, cibiyar kwamfuta ta haɗin gwiwar ƙasashen Afirka, wadda aka kafa a 1971 a Fort-Lamy, wato Njamena ta yau, kuma reshenta na Kamaru yana da fannin tsarin kwamfuta da rezo. A Cadi akwai ENASTIC, makarantar gwamnati ta fasahar sadarwa, da kuma INSTA a Abeshe. Yawancin waɗannan da gasa ake shiga, don haka a fara bibiyar ranakun gasar tun kafin sakamakon Bakaloriya ya fito. Kuɗin rajista na asali a jami'o'in gwamnatin Kamaru sefa 50,000 ne a shekara, ko da yake wasu fannonin sana'a sun fi haka tsada.

Idan makarantar mai zaman kanta ce, ka nemi a nuna maka takardar izinin kafawa da ta buɗewa daga MINESUP, ka duba da idonka cewa fannin rezo yana cikin fannonin da aka ba su izini, domin makaranta tana iya samun izinin koyar da lissafin kuɗi ta ƙara fannin rezo da kanta. Idan lasisi suke bayarwa, ka tambayi wace jami'ar gwamnati ce take kula da su, take kuma sa hannu a takardar. Cibiyoyin koyon sana'a kuwa suna ƙarƙashin ma'aikatar aikin yi da koyar da sana'a, MINEFOP, kuma wadda take da amincewar ma'aikatar tana iya gabatar da ɗalibanta ga jarrabawar CQP ko DQP, wato takardun shaidar ƙwarewa a sana'a. Wannan hanya ce mai kyau ga wanda bai samu Bakaloriya ba. Wanda ya tsallaka Yola ko Maiduguri ya yi karatu, ya sani cewa idan yana son aikin gwamnati a gida sai ya nemi a daidaita masa takardarsa da ta ƙasa, kuma wannan yana cin lokaci.

Ta biyu ita ce takardar shaidar kamfani, irin CCNA ta Cisco ko MTCNA ta MikroTik. Kamfanin ne da kansa yake bayar da ita bayan ka ci jarrabawarsa, tana da lamba da kowa zai iya tantancewa a intanet, kuma ana karɓar ta a Duwala kamar yadda ake karɓar ta a Kano ko Dubai. Tana da wa'adi, galibi shekara uku, sannan a sabunta.

Ta uku ita ce takardar halartar kwas, wadda ake kira attestation. Cibiyar ce take buga ta, ta sa hatiminta. Ba laifi ba ne a karɓe ta, amma iyakar abin da take cewa shi ne ka zauna a aji. Na taɓa karɓar wani yaron unguwarmu da ya yi wata tara a wata cibiya, mahaifiyarsa ta biya da kuɗin sana'arta, ya zo da takarda mai ado da tambarin Cisco a kusurwa, yana da yaƙinin cewa ya samu CCNA. Da na ba shi kebul da kan RJ45, wato ɗan kan roba da ake maƙala wa bakin kebul, na ce ya matse, bai san jerin launukan wayoyin cikin kebul ɗin ba, kuma bai taɓa riƙe filayar ba. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, domin yaron mai hazaƙa ne, kuma ba a taɓa gaya masa cewa jarrabawar tana wani wuri daban, da kuɗinta daban ba. Don haka tambayar da za ka yi wa kowace cibiya ke nan, kai tsaye: "Wa zai sa hannu a takardar da zan fita da ita, kuma a ina zan zauna jarrabawarta?"

Mataki na huɗu: Zaɓi takardar shaidar da ta dace da kai

CCNA ita ce aka fi sani, kuma ita ce ta fi fitowa a sanarwar neman ma'aikata. Tun watan Fabrairu na 2020 jarrabawa ɗaya ce, lambarta 200-301, ana yin ta cikin minti 120, kuɗinta dala 300, wato abin da ya haura sefa 160,000 gwargwadon canjin ranar. Tana ɗauke da adireshin IPv4 da IPv6, da VLAN, da OSPF, da NAT, da DHCP, da tushen tsaro, da WiFi, da ɗan abin da ya shafi sarrafa rezo ta hanyar manhaja. A makarantun da ke cikin shirin Cisco, ana karanta ta kashi uku, kowane kashi kimanin awa 70, jimla kimanin awa 210, ban da bitar gida. Ka riƙe wannan adadi da kyau, domin shi ne zai nuna maka cewa wanda ya yi alkawarin gama CCNA cikin mako biyu ga wanda bai taɓa komai ba, ba gaskiya yake faɗa ba. Ɗalibin da ya yi kashi ukun ya samu maki mai kyau yana iya samun rangwamen kuɗin jarrabawa, don haka ka tambaya ko cibiyar tana cikin shirin da gaske, ka kuma nemi sunanta a shafin shirin.

Akwai abin da masu talla ba sa son faɗa: darussan suna nan da Faransanci, amma jarrabawar CCNA da Turanci ake yin ta ko da Japananci. Umarnin da ake rubuta wa na'ura ma duk Turanci ne. Wanda ya tashi a makarantar Faransanci sai ya ware lokacin karanta Turancin fasaha tun daga ranar farko. Mu da muke da dangi da hulɗa da Mubi da Yola da Maiduguri muna da ɗan sauƙi a nan, bai kamata mu bar wannan dama ta wuce ba. Ga wanda yake ganin CCNA ta yi masa nisa, Cisco ta fito da ƙaramar takarda mai suna CCST a 2023, kuɗinta dala 125, kuma tsani ce mai kyau.

Network+ ta CompTIA ba ta jingina da na'urar wani kamfani ba. Tambayoyinta ba sa wuce 90 cikin minti 90, kuma ana cin ta da maki 720 cikin 900. Tana gina fahimta sosai, sai dai a ganina masu ɗaukar aiki a nan ba su san ta kamar yadda suka san CCNA ba, saboda haka mai kuɗin jarrabawa ɗaya tak ya yi tunani.

MTCNA ta kamfanin MikroTik na ƙasar Latbiya kwas ne na 'yan kwanaki, dole a hannun malamin da kamfanin ya amince da shi, kuma sunayen malaman suna shafin kamfanin. Ga wanda zai kama aikin kansa na WiFi da tikiti da raba intanet ga shaguna, ban san takardar da ta fi ta saurin mayar da kuɗinta ba, domin na'urorin suna da araha kuma su ne a kasuwa. Sai dai 'yan kwanakin nan ba sa isa ga wanda bai riga ya iya rabon adireshi ba. HCIA-Datacom ta Huawei kuma ta dace da mai nufin kamfanonin sadarwa, kuma wanda ya iya Cisco ba zai sha wahalar komawa kanta ba, tunda ƙa'idojin ɗaya ne, kalmomin umarni ne suka ɗan bambanta.

Shawarata ga mai Bakaloriya da iyayensa za su iya ɗaukar nauyin shekara biyu: ya yi BTS ko DUT, ya shirya CCNA a gefe, ya zauna ta kafin ya fara neman aiki. Ga wanda yake da iyali kuma yake bukatar kuɗin shiga da wuri: ya yi kwas na hannu a cibiyar da MINEFOP ta amince da ita, ya ƙara da MikroTik, ya bar CCNA sai aiki ya fara kawo abin biyanta.

Mataki na biyar: Je da ƙafarka, ranar da ake karatu

Ba a cinikin biri yana sama. Kada ka yi rajista ta waya, kada kuma ka je ranar Asabar da yamma lokacin da sakatare kaɗai yake nan. Je lokacin darasi, ka gaisa, ka nemi izinin ganin ɗakin gwaji.

Ka ƙirga na'urorin, sannan ka ƙirga ɗaliban. Rawuta biyu da siwic biyu ga mutum arba'in yana nufin za ka gama kwas kana kallo daga baya. Ka duba ko na'urorin a kunne suke, ko akwai kebul a jikinsu, ko kuwa ƙura ta rufe su a cikin kabad don nuna wa baƙi. Ka nemi ganin filayar matse kebul, da na'urar gwada shi, da akwatin da ake jera siwic a ciki. Idan sun ce suna koyar da zaren gilashi, ka ce a nuna maka injin haɗa zaren da na'urar awo ta OTDR, domin kayan suna da tsada kuma cibiyoyi da yawa a hoto kawai suke koyar da su. Packet Tracer da GNS3, wata manhajar gwaji irinta, suna da amfani matuƙa, amma ba za su koya maka yadda ake bin kebul cikin silin ba, ko yadda ake gane cewa kan RJ45 ne bai matsu ba.

Sannan ka tambayi maganar wuta. Arewacin Kamaru ya daɗe yana dogaro da madatsar Lagdo, kuma idan ruwa ya ja baya a rani kowa ya san yadda ake rabon wuta, duk da tashoshin hasken rana da aka ƙara a Marwa da Gider. A Njamena ma ba sai an ba kowa labari ba. Cibiyar da ba ta da janareta ko sola, duk ranar da aka ɗauke wuta darasin gwaji ya koma na alli, kuma kai ne ka biya.

Ka samu ɗalibi ɗaya ko biyu a waje, bayan an tashi, ka tambaye su cikin ladabi sau nawa suka taɓa na'ura a wannan wata. Idan ɗalibin ya yi wata uku, ka ce ya karanto maka jerin launukan T568B, wato tsarin jera wayoyi takwas na cikin kebul. Wanda ya matse kebul da hannunsa zai faɗa ba tare da tunani ba: fari da lemo, lemo, fari da kore, shuɗi, fari da shuɗi, kore, fari da ruwan ƙasa, ruwan ƙasa. Zai kuma san cewa kebul na tagulla ba ya wuce mita 100.

Malamin shi ne rabin kwas. Ka tambaya ko takardar shaidarsa tana da rai ko ta mutu, kuma wane aiki ya yi a fili. Malamin da ya yi aiki a yankinmu zai koya maka abubuwan da babu su a littafin da aka rubuta a Amurka: yadda zafin da ke haura digiri 40 yake kashe siwic a ɗakin da ba iska, yadda ƙurar hunturu take toshe fanka, yadda tsawar damina take bin kebul ɗin waje ta ƙona na'urori idan ba a binne sandar ƙasa ba, da yadda ake lissafin batir da sola don rawuta ta kwana a kunne. Idan kuwa ka ji malami yana alfahari da cewa yana da tambayoyin jarrabawa da aka sato, za ku haddace ku wuce, ka tashi. Kamfanin yana iya soke takardar wanda aka kama da haka, kuma ko ba a kama shi ba, ranar da rezon banki ya tsaya haddar ba za ta tashe shi ba.

Ga iyayen 'ya'ya mata: wannan ziyara dama ce ku duba lokacin tashi daga aji da tsarin wurin. Saita na'ura da kula da rezon ma'aikata aiki ne na natsuwa da lura, kuma na ga mata da suka yi fice a cikinsa. Kada jin labarin hawa hasumiya ya sa a hana yarinya mai kan lissafi.

Mataki na shida: Zaman koyon aiki da cikakken lissafi

Kowace cibiya za ta ce tana tura ɗalibai stage, wato zaman koyon aiki a ma'aikata. Ka tambayi ina aka tura 'yan bara, kuma cibiyar ce ta nemo musu wurin ko wasiƙa kawai ta ba su suka yi ta yawo. Wata biyu tare da ƙaramin kamfanin da yake fita aiki kullum ya fi wata shida a babban ofis inda za a zaunar da kai kusa da injin buga takarda. A Kamaru yana da kyau kuma ka yi rajista da asusun samar da aikin yi na ƙasa, FNE, wanda yake da ofisoshi a manyan garuruwan arewa.

Daga nan sai lissafi, a rubuce, tare da wanda zai biya. Kuɗin kwas kashi ɗaya ne kawai. Ka sa kuɗin jarrabawar ƙasa ko ta kamfani, ka tabbatar ko yana cikin kuɗin da aka faɗa maka ko ba ya ciki. Ka sa kwamfutar hannu, wadda ba sai sabuwa ba, amma mai ƙwaƙwalwar RAM giga 8 ko fiye idan za ka yi aiki da GNS3. Ka sa data ta kowane wata, da kuɗin babur, da haya idan za ka bar garinku, da 'yan kayan aikin kanka: filaya, da na'urar gwaji, da ƙaramar rawutar MikroTik da za ka riƙa lalatawa kana gyarawa a ɗaki. Jarrabawar Cisco ta hannun kamfanin shirya jarrabawa na Pearson VUE ake yin ta. Ka duba shafinsu ka ga cibiyar da ta fi kusa da kai, kuma idan ta kama sai Yawunde, ka sa kuɗin mota zuwa Ngaundare, da jirgin ƙasa na dare, da masauki, zuwa da dawowa. Ana iya yin ta daga gida ta intanet, da kamara da ɗaki wanda ba mai shigowa, amma idan wuta ko rezo ya yanke ana tsaka da ita, kana iya shiga wahalar da ta fi kuɗin motar, saboda haka ni na fi son a je cibiya. Sunan da za ka yi rajista da shi ya zama daidai harafi da harafi da wanda ke katin shaidarka ko fasfo, domin bambancin Mahamat da Mohamadou ya isa a mayar da mutum daga bakin ƙofa.

Ranar biya, ka nemi a raba maka kuɗin kashi biyu ko uku, kada ka zuba duka a farko. Ka karɓi rasit mai hatimi a kan kowane kashi, ka nemi jadawalin darussa a rubuce da adadin awoyin gwaji da sunan takardar da za a ba ka, ka kuma tambayi abin da zai faru da kuɗinka idan malami ya tafi ko ajin bai cika ba. Bayan wata ɗaya ka zauna ka duba littafinka: sau nawa ka matse kebul, sau nawa ka shiga rawuta ta gaske ka rubuta mata umarni. Idan amsar babu ce, ka je wurin darakta da jadawalin a hannunka kafin lokacin biyan kashi na biyu ya yi.